Nas Mai Digiri Na Biyu: Karatun Da Ke Raba Ta Da Gadon Majinyaci

A damunar da ta wuce na yi kwana goma sha ɗaya ina zaman jinyar yayana a wani asibitin gwamnatin tarayya, bayan an yi masa aiki a hanji. Duk wanda ya taɓa irin wannan zama ya san yadda dare yake a ɗakin marasa lafiya. Likitoci sun gama zagayensu tun da hantsi, masu dubiya sun watse, ba abin da kake ji sai ƙarar fanka da nishin masu ciwo, ga nas biyu ko uku a kan gadaje fiye da ashirin. A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, Yaya ya yi shiru. Ni na ɗauka sauƙi ne ya samu, har na gyara tabarmata zan ɗan runtsa. Sai ga wata sista da ta ɗan manyanta ta zo wucewa, ta tsaya a kansa. Ta riƙe wuyan hannunsa, ta ƙirga numfashinsa da agogo, ta sunkuya ta duba ledar fitsari, sannan ta buɗe takardar da ake rubuta awon zafin jiki da na jini tun daga yamma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ƙaramar nas ɗin da ke tare da ita ta kira likitan da ke bakin aiki yanzu-yanzu, ta kuma jera mata abin da za ta faɗa masa: bugun zuciya na hawa, numfashi ya yi sauri, fitsari ya ragu, ciki ya ɗaure. Kafin likita ya iso ta gyara ƙarin ruwa, ta tanadi kayan ɗibar jini, ta sa an sanar da ɗakin tiyata. Ba a kira sallar asuba ba sai da aka mayar da Yaya tiyata. Ashe ɗinkin hanjin ne ya saki. Daga baya likitan da ya yi aikin ya ce mini da an jira zagayen safe, da labarin ya sha bamban.

Ranar da za a sallame mu na je yi mata godiya. Cikin hira ta ce mini tana dab da kammala digiri na biyu a fannin jinyar waɗanda aka yi wa tiyata, da kuɗin aljihunta, tana haɗa hutunta na shekara da ranakun da ba ta aiki don zuwa jami'a a wata jiha. Na taya ta murna, na ce ai ke nan marasa lafiyar wannan ɗaki sun dace. Ta yi murmushi ta ce, “Malam, ranar da takardar nan ta fito, hanya uku ce a gabana. Ko in koma makarantar koyon jinya in riƙe alli, ko in jira a ba ni ofis in riƙa tsara jadawalin aiki da sa hannu a takardun hutu, ko in bi ’yan’uwa zuwa waje. A nan gefen gado ba a tanadi kujerar mai irin wannan karatu ba.”

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin ta tona wani giɓi a tsarin aikin gwamnati wanda masu tsara takardu a Sakatariyar Tarayya ba safai suke lura da shi ba. Ra'ayina shi ne, karatun jinya na gaba da digirin farko ba zai amfani majinyacin Najeriya ba sai an ƙirƙiri matakin aiki da zai riƙe mai wannan karatu a cikin ɗakin marasa lafiya, da iko bayyananne, da albashin da ya dace, da alhakin da za a iya tuhumar sa a kai. Mafi yawan wannan gyara kuwa a kan teburin ma'aikatan Abuja yake, da na hadiman ministoci da na ’yan majalisa. Su nake wa wannan rubutu.

Wa ke kwana da majinyaci?

Likita yana zuwa ya duba, ya yanke shawara, ya rubuta magani, ya wuce wani ɗakin ko ɗakin tiyata. Haka aikinsa yake, kuma ba laifinsa ba ne. Wadda ke tare da majinyaci awa ashirin da huɗu, a karɓa-karɓa, ita ce nas. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 kan halin da aikin jinya yake ciki ya nuna cewa ma'aikatan jinya su ne kusan kashi 59 cikin ɗari na ƙwararrun ma'aikatan lafiya a duniya. Mutuwar da ake iya kauce wa a asibiti ba kasafai take faɗowa kwatsam ba. Tana aiko da alamu sa'o'i kafin ta iso, irin waɗanda sistar nan ta karanta a jikin Yaya. Samun wanda zai gane alamun, ya haɗa su wuri guda, ya kuma sami ƙarfin halin tayar da likita cikin dare, shi ne yake raba wanda ya koma gida da ƙafarsa da wanda aka ɗauka a makara.

Akwai bincike a kan wannan. A shekarar 2014 mujallar Lancet ta wallafa aikin wata farfesar jinya Ba'amurkiya, Linda Aiken, da abokan aikinta, wanda ya duba bayanan mutum fiye da 420,000 da aka yi wa tiyata a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyin da take ɗauke da shi, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Sun kuma gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nas-nas masu digiri a asibiti yana tafiya da raguwar wannan haɗari da kashi 7 cikin ɗari. A Turai aka yi binciken, kuma a kan digirin farko ne, don haka ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma ya tabbatar da abu biyu da suka shafe mu: yawan nas yana da tasiri a kan rai, zurfin iliminta ma haka.

Mun riga wasu tashi, amma tsaninmu guntu ne

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun a 1947 aka kafa majalisar kula da aikin jinya a ƙasar nan. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen koyar da jinya a matakin digiri a 1965, lokacin da irin wannan karatu yake da wuyar samu a nahiyar Afirka, ta Ife kuma ta biyo baya a 1973. A 1979 aka haɗe hukumomin jinya da na ungozoma suka zama majalisa guda, wadda ake kira NMCN a taƙaice. A 1981 aka ƙaddamar da Kwalejin Jinya ta Afirka ta Yamma a birnin Banjul. Muna kuma da tarihin mutane irin su Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi karatu a asibitin St Thomas na Landan, ta zama shugabar ma'aikatan jinya a Asibitin Koyarwa na Ibadan, ta zama babbar jami'ar jinya ta tarayya, daga bisani ta riƙe kwamishinar lafiya a Jihar Legas.

Makarantun ƙwarewa ma muna da su. Ana koyar da jinyar ƙashi a Dala da Igbobi da Enugu, jinyar ido da ta kunne a cibiyoyin ƙasa da ke Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a Aro da Yaba da Kaduna, ga kuma kwasa-kwasan sa barci da na aikin ɗakin tiyata da na kula da waɗanda ke cikin mawuyacin hali a asibitocin koyarwa daban-daban. A asibitocin karkara da yawa, nas mai sa barci ce ke tsaye a kan kowace tiyatar haihuwa. Jami'o'i kuma yanzu suna ba da digiri na biyu da na uku a fannin jinya. Ke nan ilimin yana nan. Abin da babu shi ne matakin da mai ilimin zai taka.

A kwatanta da tsanin likita. Bayan digirin farko da aikin sanin makama da hidimar ƙasa, likita yana shiga horon ƙwarewa na shekara biyar zuwa shida a cikin asibiti, yana karɓar albashi, yana rubuta jarrabawar Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma. In ya ci, ya zama kwansaltan. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon hawansa gwargwadon yadda ake kawo masa cutar da ta fi wuya. Ƙwarewarsa tana ƙara ɗaure shi da majinyaci. Akwai ma doka ta musamman a kan wannan horo wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, akwai kuma asusun da ke tallafa wa likitocin da ke cikinsa.

Ita kuwa nas, tsaninta irin wanda kowane ma'aikacin gwamnati ya sani ne: shekara uku a matakan tsakiya, huɗu a na sama, jarrabawar ƙarin girma, sai jiran gurbi. Daga ƙaramar jami'a zuwa babbar jami'a, zuwa mataimakiyar darakta, zuwa darakta. Kowane hawa yana ƙara mata takardu, yana rage mata majinyata. Wadda ta fi kowa iya karanta jikin mara lafiya, ladan da tsarin yake ba ta shi ne ya cire ta daga inda take da amfani ya zaunar da ita tana lissafin wa zai yi aikin dare. Shugabancin gudanarwa abu ne da ake buƙata, babu musu. Kuskuren shi ne da aka mayar da shi ƙofa ɗaya tilo ta ci gaba.

Yadda wasu suka ɓullo wa lamarin

A Amurka, wani rahoto da Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar a 1999 ya ƙiyasta cewa tsakanin mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocinsu saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Wannan ya girgiza su. Daga cikin abubuwan da suka biyo baya, ƙungiyar kwalejojin koyar da jinya ta ƙasar ta ɓullo da wani sabon matsayi a tsakanin 2003 da 2004: nas mai digiri na biyu wadda aikinta shi ne jagorancin kulawa a ɗakin marasa lafiya. Ba ta ɗaukar ma'aikata, ba ta tsara kasafin kuɗi. Tana bin sawun majinyatan sashenta, tana haɗa kan likita da mai haɗa magani da mai gasa ƙashi, tana ƙirga kurakurai tana toshe kafarsu. Asibitocin tsofaffin sojoji na cikin waɗanda suka fara karɓar tsarin.

A Ingila, gwamnatin Tony Blair ta sanar da ƙirƙiro matsayin nas kwansaltan a 1998, aka kuma gindaya sharaɗi mai ma'ana: wanda ya riƙe matsayin sai ya ƙarar da aƙalla rabin lokacinsa a kan majinyata kai tsaye. Manufar a fili take, wato a hana ƙwararru gudu zuwa ofis don neman ƙarin albashi. Idan aka ce waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi, to ga maƙwabciyarmu Gana. Wata doka ta 2011 ta ba da damar kafa kwalejin ƙwarewa ta nas-nas da ungozomomi, wadda ke horar da su na tsawon shekara uku a cikin asibiti a fannoni irin su jinyar yara, agajin gaggawa da ciwon daji, kwatankwacin yadda ake horar da likitoci.

Me mai wannan matsayi zai yi a ɗakinmu? A ɗauki zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa, a ƙasar da ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗora mata fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. A 2023 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Dabarar ba ta da tsada: a shimfiɗa leda mai ma'auni ƙarƙashin mai haihuwa don a ga yawan jinin da ya zuba da ido maimakon ƙiyasi, in ya kai mizani a haɗa matakan magani gaba ɗaya a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ungozomomi ne suka aiwatar da mafi yawan aikin. Tambayar da ya kamata mai tsara manufa ya yi ita ce: bayan masu bincike sun tattara kayansu, wa zai tabbatar ledar ba ta ƙare a sito ba, sababbin ma'aikata sun koyi dabarar, an kuma zauna duk ƙarshen wata an duba wace mace ce aka makara a kanta da dalilin makarar? Wannan shi ne aikin jagorar jinya ta gefen gado. Haka abin yake ga gyambon kwanciya, da cutar da ke shiga ta robar fitsari ko ta allurar ƙarin ruwa, da kuskuren ba da magani, da bayanin da ke salwanta lokacin miƙa aiki tsakanin masu safe da masu dare. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da maganin da aka sani. Wanda aka ɗora wa alhakinsa da suna ne babu.

Tulun da ke yoyo

A watan Fabrairun 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A watan ne majalisar ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. A watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya kuma sanar da ɗaga yawan ɗaliban da ake ɗauka a makarantun jinya da sauran makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000.

Ƙara yawan ɗalibai mataki ne mai kyau, amma ɗalibar jinya ba a aji take zama nas ba. A ɗakin marasa lafiya take zama, a hannun wadda ta riga ta. Waɗanda asibitocin waje suka fi zawarci kuwa su ne masu gogewa a ɗakin tiyata da sashen kulawa ta musamman da na wankin ƙoda. In muka ninka masu shigowa alhali masu koya musu suna fita ta ɗaya ƙofar, za mu wayi gari da ɗakuna cike da matasa masu takarda, babu mai nuna musu bambancin shirun barci da shirun da Yaya ya yi. Kuɗi babban dalili ne na tafiya, wannan ba a ɓoye yake ba. Sai dai duk wanda ya yi hira da waɗanda suka tafi zai ji dalili na biyu: a can akwai matakin da ƙwarewa ke kai mutum, a nan babu. Da ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi a ranar 30 ga Yulin 2025, ba alawus kaɗai suka nema ba. Cikin buƙatunsu akwai kafa sashen jinya mai zaman kansa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da shigar da kundin matakan aikinsu, wanda majalisar ƙasa mai kula da tsarin ma'aikata ta amince da shi tun 2016, cikin gazet ɗin gwamnati. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da masu ja za su ce

Na farko su ne likitoci, waɗanda za su ce direba biyu ba sa tuƙa mota ɗaya. Wannan damuwa tana da tushe, musamman ga wanda ya san tsamin dangantakar ƙungiyar likitoci da ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, da ja-in-jar da aka sha kan ba wa masu ilimin haɗa magunguna matsayin kwansaltan. Amsata ita ce a rubuta iyakar aiki dalla-dalla kafin a raɗa suna. Gano cuta da yanke shawarar tiyata na likita ne. Ingancin kulawar yau da kullum, da horar da ƙananan nas-nas, da ikon ɗaga ƙararrawa a saurara, na jagorar jinya ne. Idan kalmar kwansaltan ce za ta hana ruwa gudu, a nemi wata kalmar. Likitan da ya yi wa Yaya aiki bai ji an rage masa daraja ba don an tashe shi ƙarfe biyu na dare. Godiya ya yi.

Na biyu za su ce wannan wata sabuwar ƙofa ce ta cutar neman takarda da ta addabi aikin gwamnati. Wannan ma gaskiya ce da ya kamata ’yan jinya su haɗiye. Digiri na biyun da aka gina shi a kan laccar ƙarshen mako da kundin bincike na raba takardun tambayoyi bai isa ya sa a miƙa wa mutum rayukan ɗaki guda ba. Wajibi ne Hukumar Kula da Jami'o'i da NMCN su zauna tare su raba hanya biyu: digiri na masu son koyarwa da bincike, da digiri na masu son zama a asibiti, wanda zai ƙunshi ƙayyadaddun sa'o'in aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, da jarrabawa a gefen gado, da aikin gyara na zahiri da ɗalibi zai yi a sashensa ya nuna sakamakonsa da alƙaluma.

Na uku su ne dubban nas-nas da suka fito daga makarantun jinya na asibiti, ba su da digiri, amma sun shekara ashirin suna riƙe da ɗakuna. Zai zama zalunci a ɗora musu yarinyar da ta fito jiya don kawai tana da takarda. Shi ya sa ya kamata gogewar shekaru a fannin ta zama sharaɗin shiga, a kuma gina wa waɗannan dattawan gada, a lissafa kwasa-kwasan ƙwarewar da suka riga suka yi a rage musu tsawon karatu. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa ta riga ta buɗe wa masu rajista hanyar samun digirin farko suna bakin aiki, ana iya ɗorawa a kan wannan.

Na huɗu za su ce in ka ƙara musu ilimi ka ƙara musu farashi a kasuwar waje. Amma ai suna tafiya yanzu ma, kuma da kuɗin aljihunsu suke karatun. Wanda gwamnati ta biya wa karatu ana iya ɗaure shi da yarjejeniyar aikin wasu shekaru, kamar yadda dokokin aikin gwamnati suka tanada ga mai hutun karatu da albashi. Wanda ya san akwai kujera mai daraja da ke jiran sa kuwa, yana da dalilin zama ko ba yarjejeniya.

Fayil ɗin da ke kan teburinku

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da majalisar da ke kula da tsarin ma'aikata su ne ke da ikon buɗe reshe na biyu a kundin matakan aikin jinya, reshen ƙwararru na gefen gado, wanda zai hau har ya yi daidai da matakin darakta ba tare da mai shi ya bar majinyata ba. Hukumar Albashi ta Ƙasa ce za ta sanya masa farashi a tsarin CONHESS. Ma'aikatar Lafiya kuma ta umarci asibitocinta su ware guraben a jadawalin ma'aikatansu, domin matsayin da ba shi da gurbi a kasafin kuɗi suna ne kawai a takarda.

Ba sai an fara da ƙasa baki ɗaya ba. A zaɓi asibitin koyarwa ɗaya a kowace shiyya cikin shida, a kowanne a zaɓi ɗakin haihuwa da na jarirai da na tiyata da sashen agajin gaggawa. A auna halin da ake ciki kafin a fara: mutum nawa ke samun gyambon kwanciya, rauni nawa ke ruɓewa bayan tiyata, minti nawa ake ɗauka tsakanin ganin alamar haɗari da isowar likita. Bayan shekara biyu a sake aunawa, a wallafa sakamakon kowa ya gani. In bai yi amfani ba a rufe, in ya yi a faɗaɗa. Hadiman ’yan majalisar da ke kwamitocin lafiya kuma su duba yiwuwar samar wa wannan horo doka da asusu irin na likitoci, tun da nas ɗin asibiti ba malamar jami'a ba ce balle ta ci gajiyar tallafin karatu na TETFund.

Akwai kuma batun wuri. Mafi yawan ma'aikatan jinya mata ne masu iyali, kuma ungozomar da ke Gusau ko Damaturu ba za ta bar ’ya’yanta shekara biyu ta tare a Ibadan ba. Jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Maiduguri da Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da sassan nazarin jinya, kowacce kuma tana da asibitin koyarwa a gefenta. A ƙarfafa su da malamai su ɗauki wannan horo, domin yankin da ya fi fama da mutuwar mata da jarirai shi ya fi buƙatar ƙwararrun da za su zauna.

Mai karatu, in kai ma'aikacin tarayya ne, katin inshorar lafiyarka ɗakin nan zai kai ka, ko ya kai matarka ko mahaifiyarka. Ko babban sakataren da ke da halin zuwa Alƙahira ko Indiya, in ciwo ya kama shi tsakar dare, a asibitin gida za a fara ceto shi kafin a yi maganar biza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar da za ta buɗe wannan matsayi za ta bi ta hannun wani a cikinku, ko a matsayin daftari, ko a matsayin bayanin da za a shirya wa minista kafin zama. Roƙona shi ne kada a rubuta mata “a ajiye tukuna”.

Bayan wasu watanni na raka Yaya ganin likita, na leƙa ɗakin don in gaishe da sistar. Ƙaramar nas ɗin nan ce ta gane ni. Ta ce sakamakon Sista ya fito, ta ci, kuma an amince da buƙatarta ta komawa makarantar koyon jinya. Na tambaye ta wa ke riƙe da dare yanzu. Ta ce ita ce, da wata da aka ɗauka bana. Na yi mata fatan alheri, na kuma yi wa waɗanda ke kwance addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma ba masu riƙe da alƙalami ikon yin abin da ya dace a kan lokaci.